Kwandon da Ke Tsallake Katanga

Ina kasuwa ina korar ƙuda daga kan busasshen jatan landena, sai na hango Obdulia tana tahowa hannu rabbana. Duk wanda ya san Obdulia ya san ba ta shiga kasuwar Juchitán sai da daron kifi a ka da zagi a baki. Ran nan babu ko ɗaya. Ta tsaya a gabana ta ce, "Naida, rufe kayanki. Tacha ta faɗi a gindin tanderu."

Na ce, "To ku ɗaga ta mana."

"Mun ɗaga ta. Tana kan gadon Mama. Likita ya ce zuciya ce."

Ban yi kuka a wurin ba. Na tsaya ina ɗaure bakin buhu, na kwance, na sake ɗaurewa, har maƙwabciyata mai sayar da furanni ta ƙwace igiyar daga hannuna ta ce in tafi.

Tacha ƙanwar Obdulia ce, ni kuma ƙawata ce tun ba mu san ɗaura zane ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a unguwar masunta. Sunan yankanta Anastasio, a gida ana ce mata Tacho. Muxe ce. An haife ta namiji, ta tashi ta tarar hannunta da zuciyarta suna wajen mata, kuma a garinmu irin wannan yana da suna, yana da wurin zama a biki. Baƙi masu kyamara kan zo su ce mana garinmu aljannar muxe ce, kowane gida yana murna in ya samu. Gaskiya ne, muna murna sosai, musamman in a gidan maƙwabci aka samu. Iyaye mata kan yi ɗan murmushi su ce sun sami mai riƙe su a tsufa. Iyaye maza kuwa sai su tafi tafki su daɗe ba su dawo ba.

Mahaifin Tacha, Ta Fermín, masunci ne. A yarenmu Ta ake sa wa a gaban sunan dattijo, Na kuma a gaban na dattijuwa. Yana da 'ya'ya maza biyu manya, amma kwalekwale, in ji shi, hannu uku yake so bayan nasa. Sai ga hannu na ukun a bayan gida tare da ni, ya ɗaura tawul a ka ya sako shi har gadon baya a matsayin kitso, muna gina tanderun laka. Ni ce ke kawo ruwa, don tun a lokacin an gane ba ni da amfani a wajen gini. Ita ke murza laka, ta fasa mata ƙofofi da tsinke, ta manna a bango, ta ce min, "Ke ce mai saye. Ki yi ciniki da kyau, kada ki tsaya kamar an dasa ki."

Ba kuma kullum ba ne. Wata rana sai ta jefar da tawul ta bi yara maza filin ƙwallon sanda, kuma babu wanda ya kai ta jifa a unguwar. In suka ci wasa su ɗaga ta sama suna ihun Tacho, Tacho. In aka ci su, su tuna cewa tafiyarta ta mata ce. Na taɓa fasa wa ɗayansu leɓe saboda haka, ta zo tana yi min faɗa wai na ɓata mata mai kama ƙwallo.

Muna wajen shekara takwas na gaji na tambaye ta. Muna zaune kan katanga muna shan mangwaro da barkono. Na ce, "Wai ke mece ce? Ki faɗa min in san abin da zan riƙa dambe a kai."

Ta tsotse ƙwallon mangwaron ta ce, "Ban gama dubawa ba."

"Yaushe za ki gama?"

"Ke kin gama duba naki ne?"

Ban taɓa sanin ana dubawa ba. Na kwana ina tunani, na tashi ban gano komai ba, sai ciwon ciki na mangwaro.

Ta Fermín ya fara da magani mai sauƙi, ya sa ta a kwalekwale. Ta yi amai tun daga bakin ruwa har tsakiyar tafki, ta dawo tana amai. Ya ba ta gyaran koma, ta gyara tsaf, har ta ƙara wa bakin komar ado da jan zare. Abokansa suka yi wata guda suna tambayarsa ko kifi ya yaba da kwalliyar.

Daga nan ya zauna ya yi tunani, abin da bai saba ba, ya gano tushen matsalar. Mahaifiyarsa, Na Porfiria, ita ke karɓar haihuwa a gidan. Ta kan sa cibiyar jariri a ƙaramar tukunya ta binne, ta maza a gindin bishiyar tsakar gida, ta mata a ɗakin girki kusa da tanderu. Ranar da aka haifi Tacho ruwa ya cika tsakar gida har gwiwa, tsohuwa ta ce ba za ta yi iyo saboda cibiya ba, ta binne a ɗakin girki inda yake bushe. Shekara tara cibiyar yaro tana kwance tana shan ɗumin tanderu tana jin hirar mata. Me kuma ake jira?

Ranar Lahadi bayan coci ya ɗauko diga. Rabin unguwa muna kan katanga muna kallo. Matarsa Na Cirila tana riƙe da kai tana cewa, "Fermín, a nan muke cin abinci!" Shi kuwa yana sara yana cewa, "Matsa min, ɗana nake ceto." Ya haƙe ɗakin girkin kaf, har diga ta sami gindin tanderu ya tsage daga sama har ƙasa. Can ya ci karo da tukwane biyu, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, hannun magini ɗaya.

Ya ce, "Mama, wacce ce ta yaron?"

Tsohuwa tana kan kujerarta tana taunar ganye. Ta ce, "Kai da ka fara aikin ilimi, ka ƙarasa."

Ya ɗaga wannan ya girgiza, ya ɗaga waccan ya sansana. Ya zaɓi wadda ta fi nauyi, don a ganinsa cibiyar namiji dole ta fi nauyi. Ya rungume ta har bakin tafki, ya binne ta inda ake ɗaure kwalekwale, ya zuba mata 'yar giya, ya dawo yana tafiya kamar wanda ya ci yaƙi. Sai da ya wanke hannu ya zauna, Na Porfiria ta ce, "Sannu da aiki. Ta Obdulia ka kai."

Kada wani ya ce maganin bai ci ba. Kafin shekara ta zagayo Obdulia ta fara bin kwalekwale, ba ta taɓa amai ba, kuma yau babu masuncin da ke sauke kifi a bakin tafkin nan bai ji ta bakinta ba. Ta Fermín bai sake ɗaukar diga ba, don matarsa ta ce in ya kuma taɓa mata ƙasa, shi za a binne a wurin.

Tanderun da ya fasa kuwa, Tacha ce ta taya kakarta dasa sabo. Da aka gama, tsohuwa ta ce wanda ya sha wahalar gini ai sai ya ga yadda ake amfani da shi. Haka mahaifinta da kansa, da digarsa, ya buɗe mata ƙofar ɗakin girki.

Totopo ba wasa ba ne. Ƙullun masara ne za ki faɗaɗa a tafi, ki huhhuda, ki zura hannu har kafaɗa cikin tanderu mai wuta ki manna a bango. Kowace mai yin sa tana da tabo a damtse. Ranar da Tacha ta sami ƙunarta ta farko, ta hau katanga da gudu tana kira na. "Naida! Naida, zo ki gani!" Hawaye na zuba, baki har kunne. Na duba na ce, "Sai ya yi tabo." Ta ce, "Allah ya sa." Daga ranar ta daina zuwa filin ƙwallo, ba don an hana ta ba, ta ce rana ɗaya ba ta isa mutum ya yi abu biyu da kyau. A ranar ne kuma na fara ce mata Tacha a gaban mutane, ba a ɓoye ba.

Tana da shekara goma sha biyu kakarta ta ce hannunta ya nuna. Tacha ta zaɓi mafi kyau a cikin na ranar, ta jera a faranti, ta rufe da ƙyalle mai surfani, ta kai wa mahaifinta da ya dawo daga tafki tare da abokansa biyu. Ina leƙe ta kan katanga. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ni na yi."

Da shi kaɗai ne, ina jin da ya ci. Amma ɗaya daga cikin abokan ya yi 'yar dariya ta hanci. Ta Fermín ya ture farantin da bayan hannu, ya dafa ƙirji ya ce, "Na rantse da San Vicente, abin da ɗana ya toya a tanderun mata ba zai shiga bakina ba har in mutu." San Vicente shi ne waliyyin garinmu, kuma masunci ba ya wasa da shi, don shi ke riƙe da iska.

Tacha ta ɗauki farantin ta zo gindin katanga. Muka cinye tare, tana kuka ina kuka, kuma ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Ta ce min, "Sai ya karɓa daga hannuna. Ko sau ɗaya ne." Wannan shi ne abin da ta so a duniya. Ta sami wasu abubuwan da yawa. Ta sa rigar huipil mai furanni a bikin vela, babban bikin rawa na garinmu, tana da shekara goma sha biyar, ta yi rawa har mata suka ja baya suna kallo. Ta yi masoya, waɗanda suka san ƙofar baya ta gidan fiye da ta gaba. An san totoponta har garuruwan maƙwabta. Amma in an yabe ta sai ta ce, "Mutum ɗaya ne bai ɗanɗana ba."

Shekaru suka wuce. Tsohuwa ta rasu. Hannuwan Na Cirila suka kumbura da sanyin ƙashi har ba ta iya riƙe ƙullu. Yayyen Tacha maza, jaruman kwalekwale, ɗaya ya tafi aikin matatar mai, ɗaya ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da ke arewa da mu, kuma dukansu suna matuƙar ƙaunar mahaifinsu ta waya. Obdulia ta yi aure a ƙarshen layi. Gidan ya rage tanderu ɗaya, mai toyi ɗaya, da mutum ɗaya da ya rantse ba zai ci ba. Aka gwada sayo na kasuwa, ya ce kamar takalmi yake tauna.

Na Cirila ce ta kira ni. Ta ce, "'Yar nan, kina da ƙafa, ko?" Shi ke nan aka tsara. Da yamma in na dawo kasuwa, Tacha za ta miƙo min kwando ta kan katangar baya. Ni kuma in fita ta ƙofarmu, in bi titi, in shiga ta ƙofarsu da sallama, in ce, "Baba Fermín, ga ɗan abin da na toya."

Ranar farko ya gutsira, ya lumshe ido, ya juya ya ce, "Tacho, zo ka gani. Ka ga hannun mace ta ainihi? Wannan ba koyo ba ne, da shi ake haihuwar mutum."

Tacha ta ce, "Haka ne, Baba. Naida ai baiwa ce."

Ni kuwa, mijina ya taɓa jifan kare da totopona, karen ya yi kwana biyu yana ɗingishi. Duk unguwa ta san haka. Amma kusan shekara talatin ni ce gwanar toyi a bakin Ta Fermín. Yana gaya wa baƙi. Ya taɓa tare mijina a hanya ya ce masa bai san darajar abin da Allah ya ba shi ba. Mijina ya dawo gida yana dariya har ya shaƙe.

Bayan Na Cirila ta rasu, Tacha ce ke masa wanka in ƙafarsa ta tashi, ita ke masa aski, ita ke yanke masa farce, ita ke dafa miyar kifin da yake sha, don rantsuwar tanderu kawai ta ambata, kuma tsohon ya san iyakar rantsuwarsa kamar lauya. Tana tsaye a kansa da dogon siket da fure a gashi, shi kuma yana cewa, "Kai yaro, a hankali da rezar nan." Na sha ce mata, "Ke, wannan wace irin wahala ce? Ki dangwara masa farantin, in ya ga dama ya ci, in bai ga dama ba ya sha iska." Sai ta ce, "In ya ƙi fa? Yanzu ko ba komai yana ci."

Sai shekarar girgizar ƙasa. Rabin garin ya kwanta, tanderun mata suka farfashe, katangarmu ta zube ƙasa warwas. Kowa ya koma kwana a tsakar gida ƙarƙashin tamfol. Tacha ta rigayi kowa dasa sabon tanderu, a fili, don ɗakin girkin ma babu shi. Ta Fermín yana zaune a kujerarsa, tsakaninsa da tanderun bai fi tsawon tabarma biyu ba. Na ce yau dai asiri ya tonu, mu huta.

Tacha ta gama toyi, ta jera a kwando, ta tsaya tana dubansa. Shi kuma ya dubi kwandon, ya dube ta, ya yunƙura da ƙyar, ya ɗaga kujerarsa ya juya ta, ya zauna yana kallon bishiya. Tacha ta miƙo min kwandon ta kan tarin tubali da bai kai gwiwata ba. Na bi ta inda ƙofarmu take a da, na taka titi, na shiga ta ƙofarsu, wadda itacen ƙofar kawai ya rage a tsaye babu bango ko ta ina, na yi sallama.

Ya ce, "Shigo, 'yata. Ke girgizar ƙasa ma ba ta taɓa miki hannu ba."

Da aka sami siminti, birkila ya tambaye shi ɗakin kwana za a fara ko banɗaki. Ya ce katangar baya. Mutumin ya yi wata biyu yana kwana a waje sauro na cinsa, amma katanga ta tashi. Kuma ya sa an rage mata tsawo, wai siminti ya yi tsada. Daidai kafaɗar Tacha ta tsaya. A da sai ta taka dutse.

Ranar na ce mata, "Ya sani fa."

Ta ce, "Ke sai yau kika sani ya sani? Lallai kanki da totoponki gini ɗaya ne."

"To me ya rage?"

"Hannuna, Naida. Daga hannuna."

An binne Tacha cikin huipil ɗinta ja. Yayyen sun bugo waya suna da shawara a kan haka, Obdulia ta ba su amsa, ba zan maimaita ta a nan ba. Tsohon ya zauna gefen akwatin gawar yana gyara mata furen gashi da ya karkace. Kwana uku bai ci komai ba sai ruwan miya. A na huɗu na hura wuta na toya da hannuna, karo na farko cikin shekaru, na bi titi na yi sallama. Ya karɓa, ya kai baki, ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Sannan ya ajiye a cinyarsa ya ce, "Naida, hannunki ya tafi." Ya rufe fuska da hularsa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, muka yi kukan da ya kamata in yi tun a kasuwa.

Tacha tawa. Ba ta da haƙuri da kowa sai mutum ɗaya, kuma shi ta ba duka.

Jajibirin rasuwarta na dawo kasuwa gwiwata na ciwo, na same ta a katanga tana jira, kwando a gefe, tana ɓoye wani abu a bayanta kamar yarinya.

Na ce, "Miƙo min in kai wa mai gidan sarauta, ƙafata za ta cire."

Ta ce, "Tsaya tukuna, uwar ƙorafi. An ba ni saƙo in ba ki." Ta fito da ganyen alobera, an yanke shi a karkace, an fere ƙayoyin gefen da wuƙa. A damtsenta akwai sabuwar ƙuna, ja, ta kwana biyu. "Da kansa ya je bayan gida da sandarsa ya yanko. Ya ce, kai yaro, ka kai wa Naida, na ga hannunta ya ƙone. Ka ce mata ta riƙa kula, ta daina zura hannu kamar mai shekara ashirin, ba ta da wani hannun in wannan ya lalace."

Na duba hannuwana biyu, sumul kamar na jariri. Na ce, "To ba ni kayana."

"Ki mutu."

"Ni aka aiko wa!"

"Ki kai ƙara." Ta matse ganyen a ƙirji, idonta ya cika. Ta ce, "Da yana faɗa, hannuna yake kallo, Naida. Bai kalli katanga ba."

Na ce, "To ki ɗauki kwandon nan ki kai masa yanzu, tun yana da zafi. Ni in tsaya a nan in yi miki addu'a."

Ta dubi kwandon, ta dubi ƙofar ɗakinsa. Sannan ta ɗaga shi ta ɗora min a hannu.

"Ba yau ba. Yau ya yi abin da zai iya, kada in haɗa masa biyu ya shaƙe. Ran Lahadi, bayan coci, in ya gama gaisawa da waliyyinsa."

"In kika fasa, wallahi ni zan toya masa da kaina."

Ta yi dariya har ta dafa katanga. "Ki rufa min asiri, uba ɗaya gare ni. Je ki, mai hannun baiwa, yana hucewa."